Lungun Mallows: inda jiragen ruwa na lokacin yaƙi suka zama tsibirai

BINTA: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau za mu leƙa wani ɗan lungun ruwa a gaɓar kogin Potomac, ɓangaren jihar Maryland ta Amurka, kudu da birnin Washinton. Sunansa Mallows Bay. Malam Habu, a taswira ai ko ƙwayar gero bai kai ba.

MALAM HABU: Ƙarami ne ƙwarai. Wuri ne da gaɓa ta lotsa ciki, ruwa ya shiga ya kwanta. A tsakiyar kogi ruwa gudu yake, yana ɗauke da laka da yashi. Da ya shigo lungu sai ƙarfinsa ya mutu, ya sauke kayansa. Shi ya sa wurin ba zurfi, ƙasansa taɓo ne. Kuma Potomac a nan yana bin teku: sau biyu a yini ruwa ya ciko, sau biyu ya ja.

BINTA: In ya ja kuma sai haƙarƙarin jirage su bayyana.

MALAM HABU: Sama da 100, yawancinsu na katako.

SANI: Asalin maganar 1917 ne, da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen kaya fiye da yadda ake ƙera sababbi. Gwamnatin Amurka ta kafa hukumar samar da jirage mai suna Emergency Fleet Corporation, aka ƙudurta yin jiragen tururi 1,000 na katako, tunda ƙarfe ya yi wuya, itace kuwa ga shi jibge. Aka raba aikin ga ma'aikatu 40 a jihohi 17. Samfurin da aka fi yi, na Ferris, tsawonsa ƙafa 281 ne, yana ɗaukar kaya tan 3,500.

BINTA: To ina gizo ya saƙa?

MALAM HABU: Gaggawa, Binta. Katakon jirgi sai ya bushe kafin a haɗa shi. Su kuwa ɗanye suka yi ta dasawa. Ɗanyen katako in ya fara bushewa yana tsukewa, yana karkacewa, sai haɗin ya buɗe, abin da aka cusa tsakanin alluna ya saki, ruwa ya samu hanya. Ga jijjigar inji tana ƙara sassauta ƙusoshi. Sannan kwal ɗin da jirgin zai ci a doguwar tafiya yana cinye wurin kaya.

SANI: Kafin a kai ko rabin 1,000 ɗin, yaƙi ya ƙare a Nuwamban 1918. Jiragen ƙarfe suka wadata, ba mai son na katako ko a araha. A 1922 kamfanin Western Marine and Salvage ya saye sama da 200 a kan dala 750,000.

BINTA: Wato 'yan gwangwan ke nan, amma manya.

SANI: Su ne dai. Tsarin aikin kuwa a fili yake. A garin Alexandria na jihar Virginia ake cire inji da tukunyar tururi da farfela, duk abin da ke da nauyin ƙarfe. Sai a jawo gangar jirgin zuwa ƙasan kogi, a cinna mata wuta ta ci har iyakar ruwa, a tsince ƙusoshi da sandunan ƙarfen da suka rage. Da farko a Widewater suke ajiye su, ɓangaren Virginia, amma gobara da koken masunta suka sa aka koma Mallows. Ranar 7 ga Nuwamba 1925 jirage 31 aka ƙone a tashi ɗaya.

MALAM HABU: Ga inda lissafinsu ya kuskure: wuta ba ta cin abin da ke ƙarƙashin ruwa. Gindin jirgi, inda katako ya fi kauri, ƙarfe ya fi yawa, sai ya zauna daram cikin taɓo. Ciro shi ya fi kuɗin ƙarfen tsada. Farashin tsohon ƙarfe ya faɗi, kamfanin ya karye a 1931. A Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ƙarfe na Bethlehem Steel ya sake gwadawa, har ya haƙa tafki na musamman don ƙonawa, shi ma ya tattara ya bar sauran.

BINTA: Me ya hana katakon ruɓewa shekara ɗari?

MALAM HABU: Laka. Abin da ta binne iska ba ta kai gare shi, ruɓa sai ta yi jinkiri. Kowane gindin jirgi kuma ya zama kamar kwando, yana tare ƙasa. Ciyawa ta fito, bishiyoyi suka biyo, yanzu daga sama sai ka ga tsibirai masu siffar jirgi, shaho mai kamun kifi na sheƙa a kansu.

SANI: A 2015 aka sa wurin a rajistar wuraren tarihi ta Amurka, a 2019 NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, ta ayyana shi wurin da doka ta kare, murabba'in mil 18. Ɗaukar ko ƙusa ɗaya laifi ne.

BINTA: Mai son gani fa?

SANI: Ƙaramin kwalekwale mai tauri, kada ya kuskura ya shiga da na hurawa, don sandunan ƙarfe na nan tsaye ƙasa kaɗan da fuskar ruwa, ga ruwan ba a ganin ƙasansa. Ya duba jadawalin cikowa da janyewa, ya fita lokacin da ruwa ya ja. Jirgin da zai fara gani tsaye da tsatsa, Accomac, na ƙarfe ne, na fito, ba ya cikin na 1917. A 1973 aka yar da shi nan.