Zagayen biranen sarautar Maroko: ina za a daɗe, ina za a wuce

Birane huɗu ne suka taɓa zama fadar sarakunan Maroko: Rabat, Miknas, Fas da Marrakesh. Duk jirgin ƙasa na haɗa su. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne raba kwanaki daidai wa daida. In kwana bakwai gare ka, ba Fas uku.

Daga filin jirgin saman Kasabalanka, hau jirgin ƙasa zuwa tashar Casa Voyageurs, ka canza zuwa Rabat, tafiyar kamar awa ɗaya. Yini guda ya isa a nan. Ga Hasumiyar Hassan, wadda Sarki Ya'aƙub al-Mansur ya fara, ya rasu a 1199 aikin ya tsaya a mita 44. Kada ka nemi jirgin Al Boraq mai gudu don zuwa Fas, Tanja ya nufa.

Miknas ma kwana ɗaya. Ka ga ƙofar Bab Mansur, wadda aka kammala a 1732, sannan ka ɗauki shatar tasi zuwa kufan Rumawa na Walili, kimanin kilomita 30. Je da sassafe, babu inuwa a wurin.

Sai Fas. Mota ba ta shiga tsohon gari. Jakuna da alfadarai ne ke dakon kaya. Ka ji an ce "balak!", to manne da bango. Shiga ta ƙofar Bab Bujlud, ka bi Tala'a Kabira, hanyar da ke gangarowa har kusa da masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta gina a 859. Taswirar waya tana rikicewa a lungunan nan, saboda dogayen bangaye na tare sigina. In ka ɓace, haurawa sama ita ce hanyar fita. Ba nisa da masallacin Ƙarawiyyin zawiyar Shehu Ahmad Tijjani take, inda aka binne shi a 1815, kuma za ka tarar da 'yan ziyara daga Kano, Yamai da Dakar. A majemar Shuwara kuwa, za a miƙo maka ganyen na'ana'a a bakin ƙofa. Karɓi, ka ɗora a hanci, domin da kashin tattabara ake tausasa fatar. Ranar Juma'a yawancin shaguna a rufe suke, kada ka ajiye sayayya sai ranar. Ɗan jagora na gaskiya yana da katin shaida na hukuma. Wanda ya tare ka a hanya ya ce "an rufe wannan titin", shagon da zai samu la'ada yake son kai ka.

Daga Fas zuwa Marrakesh fiye da awa shida ne, don haka sayi tikitin aji na farko tun da wuri. Dandalin Jami'ul Fana da magariba yake cika. Kafin ka ɗauki hoton mai wasa da maciji, ku daidaita kuɗi, kuma a ƙaramar tasi ka ce direba ya kunna mita kafin ya tashi.