Zagayen Kwazazzaban Utah da Arizona: Ƙishirwa da Ambaliya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a, barkanku da yamma.

Laccar yau ta shafi tafiyar da 'yan uwanmu mazauna Amurka kan yi sha'awa lokacin hutu: a yi hayar mota a Las Vegas, a zaga gandayen daji na ƙasa da ke kudancin Utah da arewacin Arizona, ana ajiye mota ana shiga kwazazzabai da ƙafa. Titunan lafiya lau suke. Haɗarin yana can cikin kwari, kuma fuska biyu gare shi: ƙarancin ruwa a jiki, da ruwan da ke auko wa mutum ba shiri.

Hanya tukuna. Daga Las Vegas zuwa gandun Zion kimanin kilomita 260 ne. Daga nan sai Bryce Canyon, tafiyar awa biyu, sai garin Page, sai bakin kudu na Grand Canyon, wato babban kwarin kogin Colorado, ta ƙofar Desert View, a koma Las Vegas. Duka wajen kilomita 1,300, kuma mako guda ya dace da shi. Kada ku bar tankin mai ya sauka ƙasa da rabi. Ku ajiye jarkar ruwa mai lita ashirin a bayan mota, ku sauke taswira a waya tun kuna gari, don akwai dogon zango da babu sabis. Ku kula da agogo ma: jihar Arizona ba ta sauya lokaci da bazara, amma Utah da yankin ƙabilar Navajo suna sauyawa. Wayarku na iya tsallake awa guda, ta rikita muku lokacin salla da na haɗuwa da ɗan jagora.

To, mu zo Grand Canyon, inda aka fi yin kuskure. Mai hawan dutse yana shan wahalarsa da farko, yana da ƙarfinsa. A nan kuwa gangara ake fara yi, da sanyin safiya, ƙafa na ja. Wahalar duka tana jiran mutum a dawowa. Bakin kudu yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,100, saboda haka akwai iska mai daɗi. Ƙasan kwarin, bakin kogin Colorado, zafinsa a watan Yuni da Yuli yakan haura digiri 43 a inuwa. Ƙa'idar ma'aikatan gandun ita ce hawa yana cin ninkin lokacin sauka. In awa shida gare ku, ku juyo bayan awa biyu, ko da jikinku na cewa a ci gaba. Suna kuma gargaɗi ƙarara cewa kada a je kogi a dawo rana ɗaya, kada kuma a yi tafiya tsakanin ƙarfe goma na safe da huɗu na yamma lokacin zafi.

Ga sabon shiga, ni dai hanyar Bright Angel nake zaɓa masa. Tana da rumfar hutawa a kilomita 2.4, da wata a 4.8, sannan Havasupai Gardens a kimanin 7.2, kuma akwai famfo a lokacin zafi. Amma bututun da ke kawo ruwan ya tsufa, yana yawan fashewa, don haka ku tambaya da safe kafin ku sauka. Hanyar South Kaibab ta fi kyan kallo, sai dai babu ruwa ko ɗigo, inuwa ma kaɗan ce. In ita kuka bi, ku juyo daga wurin hutawar da ake kira Cedar Ridge, ya ishe ku.

Ruwan sha, lita huɗu ga mutum ɗaya a yini. Amma ku saurara da kyau: ruwa zalla ba tare da abinci ba shi ma yana kwantar da mutum. Gumi yana fitar da gishirin jiki, in aka yi ta ɗura ruwa sai gishirin jini ya ragu, a fara amai da ruɗewa, abokan tafiya su ɗauka ƙishirwa ce su ƙara masa ruwa. Ku riƙa cin gyaɗa mai gishiri da dabino duk awa, ku riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis. Ku jiƙa riga da hula. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi, jikinsa ya yi rau, ku kai shi inuwa, ku kwarara masa ruwa a jiki, ku nemi agaji nan take.

Sai fuska ta biyu. Mutanen Agadez sun san yadda kori busasshe ke cika cikin ƙiftawar ido da ruwan da ya sauka can kan duwatsun Ayar. Haka matsattsun kwazazzaban nan suke, musamman daga Yuli zuwa Satumba. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba a faɗin fili sai ya taru ya bi ta tsagi ɗaya. A watan Agustan 1997 ambaliya ta kashe mutum 11 a Lower Antelope Canyon kusa da Page, alhali ruwan saman a nesa ya sauka. A Satumban 2015 mutum bakwai suka rasu a Keyhole Canyon cikin Zion. Antelope yana ƙasar Navajo, ba a shiga sai da ɗan jagoransu.

A Zion akwai hanyar Narrows, wadda cikin kogin Virgin ake takawa tsakanin bangayen dutse. Ana rufe ta idan gudun ruwa ya wuce kimanin lita 4,200 a daƙiƙa, ko an yi gargaɗin ambaliya. Ku duba allon sanarwa a ofishin baƙi a ranar, ku sa rufaffen takalmi, ku riƙe sanda. Kada ku sha ruwan kogin ko an tace, don an sami wani gansakuka mai guba a cikinsa. Da zarar ruwa ya gurɓace, ko kuka ga ƙirare na bin sa, ko kuka ji rugugi daga gaba, ku yar da jaka ku haye tudu mafi kusa. Ba a tsere wa ambaliya da gudu cikin tsagi.

Bryce kuma sanyi ne matsalarsa, don ya haura mita 2,400. Ko a watan Mayu ku tafi da rigar sanyi, kuma ku taka a hankali ranar farko saboda numfashi.

Yanzu sai tambayoyinku.