Gwajin jinina ya nuna ALP ya yi ƙasa, hankalina ya tashi

Assalamu alaikum jama'a, daga Winnipeg ta lardin Manitoba a Kanada nake magana. Yau ba kasuwa zan kai ku ba. Takardar gwajin jini ce ta hana ni barci.

Na je duba lafiya kamar yadda na saba, katin lafiyar Manitoba ya biya komai, kuɗin bas kawai na kashe, dala uku da 'yan canji. Suga lafiya, ƙoda lafiya. Sai ga layi ɗaya, ALP, an rubuta 24, alhali yawancin ɗakunan gwaji suna so babba ya kasance tsakanin 30 ko 40 zuwa 130. Ni da na yi shekaru ina buga ƙwallo ba takalmi a unguwarmu, ko targaɗe ban taɓa yi ba, wai ni ne sinadarin ƙashina ya gaza!

Cikakken sunansa alkaline phosphatase, kuma galibinsa daga hanta da ƙashi yake fitowa. Kowa hawansa yake tsoro, shi ya sa in ya sauka sau da yawa ba a waiwayarsa. A cikin ƙashi akwai wani sinadari, pyrophosphate, mai hana kalsiyam da fosfet zama su daskare. ALP ne ke farfasa shi. In ALP ya yi kaɗan na tsawon lokaci, ƙashin zai fito kamar bulon da aka yi wa rowar siminti: a ido ga shi nan cif, amma nauyi kaɗan sai ya tsage.

Likitar ko gezau ba ta yi ba, abin har ya ɗan ba ni haushi. Ta ce a sake ɗiban jini tukuna, domin kwalbar nan mai murfi shunayya tana da wani sinadari, EDTA, in ya gauraya da jinin sai ALP ya fito ƙasa alhali lafiyarka ƙalau. Sannan ta lissafo abubuwan da suka fi yawa: ƙarancin zinc ko magnesium, rashin abinci mai gina jiki, sanyin aikin tayirod ɗin maƙogwaro, ƙarancin bitamin B12, da wasu magunguna. Da ta ce zinc yana da yawa a jan nama, wallahi tsiren bakin tasha ne ya faɗo mini a rai, da ƙuli da albasa a takarda. A nan kuwa sai ka dafe ƙirji kafin ka tambayi kuɗin naman akuya a shagon halal.

Tambayar da ta ɗaure mini kai ita ce ta haƙora. Wai haƙoran yarintata sun zube kafin in kai shekara 5, har da saiwarsu? Na taɓa samun tsagewar ƙashin tafin ƙafa da ta ƙi warkewa? Na kira Hajiya a gida. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Babangida, sanyin ƙasar nan ne ya taɓa ka? Haƙoranka ai da su ka ƙarar mini da rake."

Ashe wata cutar gado likitar take nema, hypophosphatasia. Wani likitan yara, John Rathbun, shi ya fara bayyana ta a Toronto a 1948. Kuma ji inda Allah Ya ajiye ni: a cikin al'ummar Mennonite na nan Manitoba, wata ɗarikar Kirista, cutar mai tsanani tana kama kusan jariri 1 cikin 2,500, a wasu wurare kuwa kusan 1 cikin 100,000 ne. A jarirai tana iya kisa. A manya takan ɓuya, sai ciwon gaɓoɓi, zubewar haƙora da karaya ba dalili. A gida da mai ɗori ne zai yi ta ɗaurewa, ana cewa ƙashin ne ke da taurin kai. Akwai allurarta, Strensiq, tun 2015, amma kuɗinta ba na mai albashi ba ne.

Ga gargaɗina, musamman ku masu aika wa iyaye magani daga waje. Kada ka ji Baba na kukan ƙashi ka tura masa alendronate, ƙwayar nan ta zaizayar ƙashi. Ga mai wannan cuta tana iya ƙara lalata lamarin, har ƙashin cinya ya tsage. A duba ALP ɗinsa tukuna. Masu yara kuma, yaro mai girma ALP ɗinsa ya fi na babba nesa ba kusa ba, don haka lambar da ta yi wa uba daidai tana iya zama ƙasa ga ɗansa.

Ni dai an hana ni shan ƙwayoyin bitamin na mako guda, domin za a auna bitamin B6, wanda ke taruwa a jinin mai cutar. In ya fito sama, sai gwajin ƙwayar halittar gado mai sarrafa ALP, wato ALPL. Ku sa ni a addu'a, zan zo muku da sakamakon.