Emacs: ƙima ta canja, amma allo bai canja ba

Assalamu alaikum, masu kallo. Tambaya ɗaya ce ta yawaita a bakin masu fara amfani da Emacs, manhajar rubutu da gyaran fayiloli, kuma ita ce ta sa muka shirya wannan bidiyo: mutum ya rubuta layi a fayil ɗinsa na init.el, wato fayil ɗin saitunan da Emacs ke karantawa idan an buɗe shi, ya sake buɗe manhajar, ya tabbatar ƙimar da ya sa tana nan, amma abin da yake nema bai faru ba.

Ga misali a allo. Muna son lambobin layi su bayyana a gefen kowane fayil, saboda haka muka rubuta setq, sai sunan zaɓin, wato global-display-line-numbers-mode, sai harafin t, wanda ke nufin a kunne. Mun rufe Emacs, mun sake buɗewa, gefen hagu fayau, babu lamba ko ɗaya. Idan kuma muka danna C-h v, wato Ctrl da h sannan v, muka tambayi ƙimar zaɓin, sai a ce mana t ce.

Asalin matsalar tsohuwa ce. Richard Stallman ya fitar da GNU Emacs a 1985, kuma a lokacin duk mai son gyara saiti ya ɗore sai ya rubuta harshen Lisp da hannunsa. Shafin Customize, mai maɓallai da akwatunan cikewa, wanda Per Abrahamsen ya rubuta, sai a Emacs 20 ya shigo, a 1997. An ɗora sabuwar hanya a kan tsohuwa ba tare da an rushe tsohuwar ba, har yau kuma suna zaune tare.

To, a nan ne nake so mu ɗan dakata. Aikin setq ɗaya ne tak, shi ne ya ajiye ƙima a ƙarƙashin suna. Amma wasu zaɓuɓɓukan, lokacin da aka ƙirƙire su da defcustom, umarnin Lisp na ƙirƙirar zaɓi, an haɗa musu wani ɗan umarni da ake kira :set, kuma shi ne mai yin ainihin aikin, kamar kunna yanayi, wato mode irin na lambobin layi, ko sake saita agogo, ko sabunta abin da ke allo. Customize yana kiran wannan umarni duk lokacin da kuka canja zaɓi ta shafinsa, shi kuwa setq bai ma san da zamansa ba. Kamar mutum ne ya rubuta “a kunne” a jikin makunnin fitila bai danna shi ba: rubutun yana nan, ɗakin kuma yana cikin duhu.

Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne, a yawancin zaɓuɓɓuka setq yana aiki lafiya lau, domin ba su da :set ko kaɗan. Akwai kuma waɗanda sakamakonsu ya danganta da lokaci. Ku dubi auto-revert-interval, wanda ke ƙayyade tazarar da Emacs ke bari kafin ya sake duba ko fayil ya canja, daƙiƙa 5 ke nan idan ba a taɓa shi ba. Idan kun sa ƙimar kafin agogon ya fara tafiya, za ta yi aiki. Idan kuwa agogon ya riga ya fara, zai ci gaba da tsohuwar tazararsa. Layi iri ɗaya, ya yi wa wani aiki, ya ƙi yi wa wani, kuma kowa a cikinsu gaskiya yake faɗa.

Yanzu ku kalli abin da Customize ke nunawa a ƙarƙashin zaɓinmu: CHANGED outside Customize. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin kuskure. Ba kuskure ba ne, sanarwa ce kawai cewa an canja ƙimar ta wata hanya da ba tasa ba. A ganina wannan saƙo ya gaza, domin ya faɗi inda canjin ya fito, bai faɗi abin da mai amfani ya fi buƙatar ji ba, wato mai yiwuwa canjin bai fara aiki ba.

Gyaran ba shi da wuya. Idan yanayi ne, ku kira shi da sunansa ku ba shi lamba 1, wato (global-display-line-numbers-mode 1), kamar yadda kuke gani, ga lambobin nan sun fito. Idan zaɓi ne, kuma kuna da Emacs 29.1 na 2023 ko wanda ya biyo bayansa, ku maye gurbin setq da setopt, wanda ke kiran :set, har ya gargaɗe ku idan nau'in ƙimar bai dace ba. Masu tsohon Emacs su yi amfani da customize-set-variable.

Saura abu ɗaya da zan wuce da sauri. Idan kun taɓa danna Save for Future Sessions, Customize ya rubuta wani sashe mai suna custom-set-variables a cikin init.el ɗinku, galibi a can ƙasa. Tunda daga sama ake karanta fayil ɗin, abin da ke ƙasa yana iya danne abin da kuka rubuta a sama. Ku ba zaɓin custom-file, mai faɗa wa Customize inda zai adana saitunansa, sunan wani fayil na daban, sannan ku ƙara layin load a ƙarƙashinsa, domin Emacs ba ya ɗauko wannan fayil da kansa, kuma idan aka manta layin, duk abin da aka adana ta Customize ba zai dawo ba a buɗewa ta gaba.