Tsohuwar da nake yi wa addu'a ashe shekararta 16

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau ban shirya ɗaukar bidiyo ba, amma abin da na gani da safe ya hana ni zama. Wata shida ke nan ina yi wa wata tsohuwa addu'a, tsohuwar da ban taɓa gani ba, har na ƙaga mata furfura da tabarau da kujerar da take zama a bakin taga tana saƙa, sai yau na tarar da ita a harabar asibiti, ashe yarinya ce 'yar shekara 16 da jakar makaranta a bayanta. Tabarau ɗin kaɗai na canka daidai.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyar wannan tasha sun san na yi ɓatan dabo na wasu watanni, kuma na yi alkawarin zan yi bayani idan hankalina ya kwanta. Na haifi ɗana a nan Ingila a mako na 29, nauyinsa kilo 1 da giram 200. Mu da wata muke lissafin ciki, shi ya sa muke cewa bakwaini, amma likitoci da mako suke ƙirga shi: cikakken ciki mako 40 ne, duk jaririn da ya zo kafin mako 37 kuwa bai isa haihuwa ba a wurinsu. Ban ko ƙare wa fuskarsa kallo ba aka wuce da shi ɗakin rainon jarirai, aka sa shi a kwalba, aka ɗaura masa na'urar taimakon numfashi. Bayan kwana uku aka sallame ni, na fito rataye da jaka, ba jariri a hannuna, kuma a daidai ƙofar fita ne wata ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini wannan 'yar jakar yadin da kuke gani, ta ce wata mai aikin sa kai ce take haɗa wa iyaye.

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci da na buɗe ta. Ɗana yana kwance da wayoyi a ƙirji da bututu a hanci, ni kuma an haɗa ni da man leɓe da littafin rubutu. Na jefa ta a kujerar baya, sai da ta kwana biyu a can kafin buƙata ta sa na koma na ɗauko ta, abu ɗaya bayan ɗaya.

Man shafawa na fara nema. Kafin mutum ya taɓa jaririn da ke cikin kwalba sai ya cire zobe da agogo, ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu har gwiwar hannu, kuma haka zai yi duk shigar da ya yi, domin ƙwayar cutar da ba za ta ko sa babba atishawa ba tana iya kwantar da bakwaini. Kafin mako ya zagayo bayan hannuna ya tsattsage kamar na mai wanki a lokacin sanyi. Daga nan sai littafin. Likitoci suna zagaye da safe, su yi magana da sauri, su ambaci giram nawa ya ƙaru da mililita nawa cikinsa ya karɓa, su tambaye ni ko ina da tambaya, in ce babu, sai sun fita tambayoyi goma su faɗo mini. Ga littafin nan, ya kusa cika, kuma kowane shafi yana farawa da nauyinsa na ranar.

Abin da ya fi taɓa ni su ne waɗannan 'yan ƙyallayen saƙa guda biyu, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Uwa takan sa ɗaya a cikin rigarta a jikin fata, a ajiye ɗayan kusa da jariri, kashegari a musanya. Shi yana jin ƙamshin uwarsa ko ba ta nan, ita kuma tana tafiya gida da ƙamshinsa, wanda yake taimaka wa nono ya sauko idan ta zauna tatsa. Tatsar nan kuwa aiki ce ta gaske, sau 8 zuwa 10 a cikin awa 24, har da tsakar dare, domin jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi a lokaci guda sai wajen mako na 34, kafin nan ta bututu ake zuba masa. Dakashin farko da sirinji aka tsince shi ɗigo-ɗigo. Duk wanda ya sa kwalbar shan ruwa da 'yar jakar sanyi ta ɗaukar nono a cikin kayan nan ya san abin da ake nufi da tashi ƙarfe uku na dare a yi tatsa a gidan da ba kukan jariri, shi ya sa ban taɓa kawo wa raina cewa yarinya ce ba.

Akwai kuma doguwar wayar caji, wadda na raina fiye da komai. Amfaninta ya bayyana ranar da aka fara ɗora mini shi a ƙirji, fata da fata, abin da suke kira goyon kangaru. Idan an ɗora jariri ba a son a yi ta ɗaga shi, sai uwa ta yi awa ɗaya ko biyu ko fiye a kishingiɗe, soket kuwa yana can bayan na'urori. Wannan dabara ba daga manyan asibitocin Turai ta fito ba. A shekarar 1978 wani likita mai suna Edgar Rey ya fara ta a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, saboda kwalaben asibitinsu sun yi kaɗan har ana haɗa jarirai a kwalba ɗaya, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa fara ta nan take bayan haihuwa. Ina jin daɗin wannan tarihin, domin dabarar da rashi ya haifa ce yau masu na'urori suke koya wa iyaye. A wannan kishingiɗar nake kiran Ummata ta bidiyo, ta yi ta kallon bayan kansa ba ta cewa komai, ni ma ba na cewa komai, sai cajin waya ya riƙe mu.

To yau da safe mun koma asibiti a duba idonsa, kuma da yake watan Nuwamba ne, watan da ake tunawa da jarirai bakwaini a duniya, an ƙawata harabar da launin shunayya. Na hangi tebur da irin jakata a jere, wata mata da wata budurwa suna zaune. Na nufi matar kai tsaye na fara zuba godiya, sai ta yi dariya ta nuna mini 'yarta. Kunya ta rufe ni, bakina ya mutu.

Ashe ita ma yarinyar bakwaini ce, a mako na 27 aka haife ta a wannan asibitin, ta yi mako 11 a ɗakin da ɗana ya kwanta. Ta nuna mini bayan hannunta, akwai ƙananan tabo farare kamar an yayyafa, wuraren da aka yi ta sa mata allura tun ba ta san kanta ba. Ba ta tuna komai na wancan lokacin, don haka da ta yi niyyar yin wani abu sai ta zaunar da mahaifiyarta ta ce ta lissafa mata duk abin da ta nema ta rasa a waɗannan makonni, sannan ta kai jerin wa ma'aikatan jinya suka soke abin da bai dace ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutane da yawa idan sun tashi taimako jaririn kaɗai suke hange, su kawo riguna da kayan wasa, alhali jaririn yana da likitoci da na'urori a kansa dare da rana. Ita kuwa ta hango wadda take zaune a kujerar roba a gefen kwalba, wadda ba a rubuta sunanta a allon marasa lafiya ba.

Kuɗin kayan daga wankin motocin maƙwabta take tara shi, da gudun da take shiga mutane su yi alkawarin ba da wani abu idan ta kammala, saƙar kuma ita da wasu ƙawayenta suke yi bayan an tashi daga makaranta. Ba a barinta ta shiga ɗakin jariran, a ƙofa take miƙa kaya ta juya, saboda haka yawancin waɗanda ta taimaka ba ta taɓa ganinsu ba. Na tsaya ina kallonta tana gyara tabarau, ta fi ni tsawo, tana ƙorafin jarrabawar lissafi, sai na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Duk makonnin da na yi a ɗakin nan ban taɓa iya hango ɗana ya wuce girman kwalbarsa ba. Amma na lura da wani abu da ya ƙara mata daraja a idona: ko sau ɗaya ba ta ce mini nawa ma haka zai zama ba. Mahaifiyarta ta ce tun farko suka yi shawara a kan haka, domin cikin iyayen da suke karɓar jakar akwai waɗanda ba za su koma gida da jariri ba, akwai kuma waɗanda nasu zai tashi da lalura.

Ina yawan kwatanta nan da gida a wannan al'amari, kuma kowanne yana da inda ya fi. A nan an ba mu lokaci: wata doka ta fara aiki ranar 6 ga Afrilu 2025 wadda ta ba iyayen jaririn da ya yi aƙalla kwana 7 a jere a sashen rainon jarirai hutun aiki har zuwa mako 12, ƙari a kan hutun haihuwa, kuma maigidana ya ci moriyarta. Akwai ƙungiyar Bliss, wadda aka kafa tun 1979 don irin waɗannan iyalai, takardunta na yi ta karantawa da dare. Sai dai doka ba ta zama kusa da mutum ta riƙe masa hannu, kuɗin zirga-zirgar asibiti kuwa na mako biyu ya lashe abin da muka ware na wata guda. Da a cikin dangina nake, da ban zauna ni kaɗai a kujerar nan ba ko na yini ɗaya. Amma idan kewa ta taso mini sai in tuna alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: jarirai kusan miliyan 13.4 aka haifa kafin lokaci a shekarar 2020, wato kimanin ɗaya cikin goma, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi rabin waɗanda aka haifa a mako na 32 ko ƙasa da haka suna rasuwa saboda rashin ɗumi da taimakon shayarwa da kulawa da numfashi da maganin cututtuka. Nawa a mako na 29 ya zo, sai in yi shiru in gode wa Allah.

Ga gargaɗina ga duk wanda wannan labari ya motsa, musamman matasa. Kada ku saƙa komai sai kun tambayi sashen abin da suke karɓa, domin suna da ƙa'ida kan irin zare da girman kaya, ba a son maɓalli ko igiya ko saƙa mai manyan ramuka da ɗan yatsa zai maƙale, kuma dole kayan su jure wanki da ruwan zafi. Kada ku je dubiya da mura, ko da kuna ganin ta wuce. Don Allah kuma ku daina faɗa wa uwa cewa ɗan wata bakwai yana rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi. Tsohuwar magana ce da ta zaga duniya tun zamanin likitocin Girka na dā, ba ta da tushe, kowane mako da jariri ya ƙara a ciki ƙarfi yake ƙara masa. Wata ta taɓa faɗa mini ita da nufin lallashi, a gaban matar da ta haihu a mako na 33.

Kafin mu rabu na ce wa yarinyar ni ma na iya kwarashi tun ina ƙarama, har na ɗan cika baki cewa a ajinmu ba wadda ta kamo ni. Ta ce to Anti, ta ba ni zare da takardar awo, na zauna a gefen teburin na yi mata ƙyalle ɗaya cikin minti kaɗan. Ta ɗaga shi sama, ta tura ɗan ƙaramin yatsanta ya wuce ta cikin ramin saƙar, ta mayar mini da shi cikin ladabi. Ga shi nan, wannan na uku ne nake yi tun da muka dawo, kuma ranar Asabar zan kai mata ta duba. Ga mutumin naku can ya farka, bari in ajiye kwarashin in wanke hannu.