Amsoshin Tambayoyinku: Digiri na biyu a fannin manufofin gwamnati, ina ake samun aiki da shi?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun da muka zaɓo yau duk a kan karatu ɗaya suke, wato digiri na biyu a fannin tsara manufofin gwamnati.

Ta farko daga wata 'yar'uwa ce a Katsina. Ta ce ta karanta tattalin arziki, ta gama bautar ƙasa, kuma tana so ta koma makaranta, amma mahaifinta ya tambaye ta: in kin gama, wane ofishi za ki shiga? Ta rasa amsar da za ta ba shi.

To Malama, tambayar Baba tana kan hanya. Wanda ya karanta likitanci asibiti zai nufa, lauya kuma kotu. Wannan karatu ba shi da ƙofa guda da aka rubuta sunansa a kai. Masu shi suna warwatse a ma'aikatun kasafi da tsare-tsare na jihohi da na tarayya, da ofisoshin 'yan majalisa, da cibiyar nazarin dokoki ta Majalisar Tarayya da ke Abuja, da ƙungiyoyin bin diddigin kasafi irin su BudgIT, da hukumomin ƙasa da ƙasa kamar Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da ke Abidjan da ECOWAS. Bankuna da kamfanonin sadarwa ma suna ɗaukar irinsu, domin suna bukatar wanda zai karanta sabuwar doka ya gaya musu abin da za ta ci musu.

Shi aikin kansa ga yadda yake. A ce kwamishina yana son a fara ciyar da ɗaliban firamare. Sai a miƙo miki fayil da yamma, a ce gobe da safe ana son takarda mai shafi biyu. Yara nawa ne a rajista, nawa ne suke zuwa aji da gaske, nawa kwanon abinci zai ci a farashin kasuwar yau, daga wane layi na kasafi za a cire kuɗin, kuma wa zai yi ƙorafi in an cire. Wanda ya iya wannan, ya kuma rubuta shi yadda mai girma kwamishina zai fahimta a cikin mota kafin ya isa zaman majalisar zartarwa, ba ya daɗewa ba a neme shi ba. Wanda kuma ya fito da haddar ka'idoji kawai, ba ya iya buɗe jadawalin lissafi a kwamfuta, takardar shaidar ba za ta cece shi ba. Don haka ki duba kwasa-kwasan makarantar tun kafin ki biya kuɗi. In babu ƙididdiga da nazarin kasafi a ciki, ki sake tunani.

Akwai kuma abin da bai kamata mu ɓoye miki ba. Shekaru da dama ayyukan ƙungiyoyin agaji ne suka fi kwashe masu wannan digiri a Arewa, kuma su ne masu albashi mai tsoka. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta bayar da agaji ga ƙasashen waje, USAID, Birtaniya ita ma ta sanar da rage kuɗin tallafin da take bayarwa, ayyuka da yawa suka tsaya. Ƙwararrun da suka rasa aiki yanzu su ne abokan takararki. Shawararmu ita ce ki riƙe fanni ɗaya, ko lafiya, ko ilimi, ko noma, ko haraji, ki san shi ciki da waje, sannan digirin ya hau kansa.

Sai wani ma'aikacin gwamnatin tarayya daga Bauchi, wanda ke tambaya ko digirin zai sa a ɗaga masa mataki.

Malam, ba kai tsaye ba. Ƙarin girma a aikin gwamnatin tarayya yana bin shekaru da jarrabawa da samuwar gurbi: shekara 3 a kowane mataki daga na 7 zuwa na 14, shekara 4 daga na 15 zuwa sama. Amfanin digirin shi ne a riƙa tunawa da kai idan za a kafa kwamiti ko a tura wani sashen tsare-tsare. Ka nemi izinin karatu a rubuce kafin ka fara. Kada kuma ka ɗauka ɗaya yake da kwas ɗin cibiyar nazarin manufofi da dabaru ta ƙasa da ke Kuru, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1979. Can manyan jami'ai ake zaɓa a tura, ba fom ake saya ba.

Wasiƙa ta ƙarshe daga Kano take, mai ita yana tambaya ko dole sai an fita ƙasar waje domin wannan karatu.

Ba dole ba ne. Jami'ar Bayero tana koyar da wannan fanni, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta daɗe tana horar da ma'aikatan mulki a harabarta ta Kongo da ke Zariya. Na waje suna da suna, gaskiya ne. A Harvard shekara 2 ake yi, a Oxford shekara 1, amma kuɗin ba na mai albashin wata ba ne, sai da tallafi. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana bukatar ka yi aiki na shekara 2 kafin ka nema, kuma ka yi alƙawarin komawa gida na shekara 2 bayan ka gama. In kana da iyali, ka sani cewa tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tafiya da mata da 'ya'ya.

Lokaci ya kama mu. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.