Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Ziyararsa ta Kantunan Ɗalibai na Jami'ar Georgetown

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da yawan rai. Iyayenmu hakimai da 'yan majalisa da suka rako Mai Martaba, malamanmu, 'yan uwana ɗalibai, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin 'ya'yanka da ke karatu a nan Washinton, ina yi wa Sarki barka da sauka. Mu 'yan tsiraru ne, in aka tara mu ba za mu cika tabarma biyu ba. A gida ma ba mu isa mu buɗe baki gaban Sarki ba sai ta bakin manya. Baƙunta ce ta ba mu wannan dama, saboda haka in harshe ya yi tuntuɓe, tuba muke.

Tun da safe an zagaya da Sarki, ya ga ginin Healy da hasumiyar agogonsa, an kuma shaida masa cewa a 1789 aka kafa wannan jami'a. Ni abin da aka ɗora mini ya fi wannan ƙanƙanta, labarin kanti ne. Sai dai kantin nan, daga mai sharar safe har shugaban da ke sa hannu a takardar banki, babu ko ɗaya da ba ɗalibi ba. Sunansa na rajista Students of Georgetown, amma kowa The Corp yake ce masa.

Abin mamaki, ranka ya daɗe, ba neman kuɗi ne ya haife shi ba, rigima ce. A farkon watan Mayun 1971 masu zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam suka cika wannan birni, har aka kama mutum sama da 12,000 cikin 'yan kwanaki. Waɗanda aka kora daga sansaninsu na bakin kogin Potomac da dama suka hauro nan suka fake, barkonon tsohuwa kuma ya biyo su har cikin makaranta. Ɗalibai suka waiwaya suka ga ba su da wata kafa ta doka da za su tsaya a kai in an taka su, domin ƙungiyarsu reshe ce ta jami'a, reshe kuwa ba ya kai ƙarar gindinsa. Shugaban ɗalibai na lokacin, Roger Cochetti, da mataimakiyarsa Nancy Kent, su suka jagoranci yi wa kamfani rajista a 1972, mai cin gashin kansa, wanda zai iya tsayawa gaban alƙali da sunan ɗalibai.

To amma kamfani ba ya rayuwa da iska. Aka fara 'yan saye-saye da sayarwa, sannu a hankali ciniki ya rinjayi shari'a. Daga nan aka samu Vital Vittles, kantin kayan masarufi da Sarki zai gani in an jima a ginin Leavey. A 1994 aka buɗe shagon gahawa na Uncommon Grounds. Bayansa aka ƙara wasu, ciki har da Midnight Mug da ke cikin laburaren Lauinger don masu raba dare suna karatu, sai Hilltoss a 2014, inda ake haɗa kwaɗon ganye irin na Turawa. Ni dai har yau rama da ƙuli ta fi mini, amma layin da ake yi a wurin ya nuna ba a bi ra'ayina ba. Akwai kuma sashen ajiya: idan hutun ƙarshen shekara ya zo, ɗalibi ya tattara komatsansa a kwali, a karɓa a adana masa har ya dawo. Mu da gidajenmu ke bayan teku mun fi kowa sanin daɗin wannan.

Yau ɗaruruwan ɗalibai ne ke aiki a ciki ana biyansu. Babu mai hannun jari da ke jiran rabo. Abin da ya ragu bayan an biya ma'aikata da masu kawo kaya, ɗalibai yake koma wa, ta hanyar tallafin karatu da taimakon ƙungiyoyinsu. Ba shi kaɗai ba ne ma, tun 1983 akwai ƙungiyar ajiya da lamuni da ɗalibai ke tafiyarwa a wannan jami'a.

Allah ya taimaki Sarki, bari in faɗi abin da ya faru da ni. Sabon shigata aiki aka ba ni odar madara. Na manta mako mai zuwa hutu ne, makaranta za ta watse, na yi oda kamar kullum. Ranar da aka sauke kaya na tsaya gaban firiji cike da madarar da babu mai sha, ga kwanan lalacewarta a rubuce a jikin kowace gora. Shugabata, yarinya ce da ba ta wuce shekara 20 ba, ba ta yi mini faɗa ba. Ta buɗe kwamfuta ta nuna mini cinikin wannan makon a bara da bara waccan, ta ce in lissafa asarar da hannuna, in kuma rubuta gargaɗi ga wanda zai gaje ni. Na yi gumi a ɗakin sanyi. Amma a ranar na gane abin da ya riƙe kamfanin nan shekara sama da 50: duk shekara shugabanni ke sauyawa, duk bayan shekara huɗu kusan babu tsohuwar fuska, amma littafin lissafi da makulli ba sa bin kowa gida.

A nan ne roƙonmu yake. Sarki ya san ɗaliban jami'o'inmu ba a koya musu neman na kai. Babu ɗakin kwanan da za a shiga a rasa mai sayar da data, ko mai soya awara, ko mai ɗinkin hula, ko mai injin buga takardu. Hazaƙar tana nan. Illa dai ranar da mai sana'ar ya kammala, sai ya naɗe tabarmarsa ya tafi da ita, na baya ya sake farawa daga tushe. Muna roƙon Mai Martaba, da yake maganarsa na da nauyi wurin shugabannin makarantunmu, ya sa baki a ba ɗalibai shago ko ɗaya ne, da rajistarsa, da asusunsa na banki, a bar musu makulli, manya su tsaya ga duba lissafi kawai. Za a yi asara, kamar yadda na yi. Wasu za su ce yara ba su iya riƙe amana ba, amma a kasuwar Kurmi ma ai da yarinta ake fara zaman rumfa.

Kafin Sarki ya tashi, akwai wani dattijo da ya kamata a ambata. A 1752 aka kawo Yarrow Mamout ƙasar nan a matsayin bawa daga Afirka ta Yamma, Musulmi ne, masana tarihi na ganin Bafulatani ne. Bayan shekara 44 ya samu 'yanci, ya yi sana'ar bulo da gawayi da saƙar kwando, ya sayi fili a wannan unguwa a 1800, har ya zuba jari a banki. Masallacin jami'ar nan sunansa yake ɗauke da shi. Idan Sarki ya yarda, za mu fara da kantin Vital Vittles, a sha shayi a Uncommon Grounds, daga nan mu wuce masallacin a yi Azahar.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya mai da Sarki gida lafiya. Wassalamu alaikum.